Ranar da Alhaji Attahiru Bai Sayo Sabulu Ba

Alhaji Attahiru dillalin albasa ne, kuma shekara talatin da kunnensa yake cin abinci. Idan baƙo daga kudu ya raɗa farashi a can ƙarshen rumfa, Alhaji ya ji shi kafin mai albasar ya ji. To, tun bara kunnen nan ya fara yi masa rowa. Da farko cewa ya yi mutanen yanzu ba sa buɗe baki in za su yi magana. Daga baya shi da kansa ya gane inda matsalar take, sai ya haɗiye bai gaya wa kowa ba. Tsoro yake ji, domin ranar da kasuwa ta ce dillali ya kurumce, ranar zai koma gida ya zauna a kan tabarma.

Abin da ya fi damunsa motar Yaro direba ce, wadda ke ɗaukarsu daga Bangi zuwa Madawa. A ciki ake gaishe shi ya yi shiru, a tambaye shi lafiyar iyali ya ce albasa ta yi tsada. Wata safiya ya ga wani malamin lakwal, wato makarantar boko, da abin jin sauti rufe da kunnuwansa, irin wanda samari ke kira kaske. Aka yi wa malamin magana sau uku bai amsa ba, kuma babu wanda ya ji haushi. Nan take dabara ta faɗo wa Alhaji. Gara a ce tsoho ya ɗauki salon yara da a ce ba ya ji.

Yana sauka tasha ya nufi shagon Hassan, mai sayar da kayan salula.

"Kaske nike so," in ji shi, "babba, wanda ka gani tun daga nesa. Kuma mai arha."

Hassan ya jera masa kala uku. Ya ɗaga murya yana bayani: wannan ƙarami ne, cikin kunne ake cusa shi, wannan bayansa a buɗe yake, na kusa da kai zai ji abin da kake ji, wannan kuwa a rufe yake ruf, ƙarar mota ba ta shiga, yana naɗewa ya shiga aljihu, kuɗinsa jika shida, wato sefa dubu shida.

Alhaji ya gyaɗa kai kamar ya ji duka. Ya leƙa bayan kanta ya hango wani ja, an ɗaure shi da zare.

"Wancan hwa?"

"Wancan ya mutu, Alhaji! Ba ya magana!"

"Shi nike so. Nawa za ka bar mini?"

Hassan ya dube shi, ya dubi mataccen kaske, ya danne dariyarsa saboda girman furfura. Ya ce shi ba ya sayar wa mutum kaya sai an gwada, kuma da mai rai ake fara gwaji. Kafin Alhaji ya yi gardama, ya ture masa hula baya ya kifa masa rufaffen a kai. Ya karɓi salular Alhaji ya haɗa, ya ga saƙon murya daga Mairamu, matar Alhaji, wanda ba a buɗe ba.

Wannan saƙo yana da tarihi. Duk ranar da Alhaji ya zo Madawa, Mairamu takan aiko masa da abin da zai sayo. Shi kuma sai ya kara salula a kunne, ya ji kamar ƙuda a cikin kwalba, ya sayi sabulu, tunda dai babu gidan da ba ya son sabulu. Yanzu ɗakin Mairamu har ƙarƙashin gado sabulu ne, kuma a gida ba ta taɓa tayar masa da maganar ba.

Hassan ya ƙure ƙarar ya danna. Kasuwar Madawa ta ɗauke gaba ɗaya, babu babur, babu amalanke. Sai muryar Mairamu, tsaf, kamar tana zaune a gefensa. Rabon da ya ji ta haka har ya manta.

"Alhaji, ina kwana kuma. Tattasai nike so da gishiri, amma na san sabulu za ka kawo. Ba komi. Wanga shi na saƙo na goma sha ɗaya da nike hwaɗa maka magana guda. Na san kunnenka ya yi nauyi. Na sani tun bara, ranar da akuya ta shiga rumbu tana ɓarna kana zaune kana jan tasbaha. Ɗiyanka sun sani. Yaro ya sani, shi ya sa yake aje maka gidan gaba. Abokan sana'arka ma sun sani. Kai kana cewa mutanen kasuwa sun koyi buɗe baki bana, ai don kai suke ihu. Ba wanda ya rage ka da komi, kai ɗai ka ɓoyon abin da kowa ya gani. In Allah ya sa ka ji wanga, don girman Allah kak ka sawo sabulu. Ka zo mu tahi wajen likita."

Saƙon ya ƙare. Alhaji ya tsaya da abin a kansa, kunya ta rufe shi, sai kuma wani sanyi ya sauka a ƙirjinsa wanda bai san yana nemansa ba. Wato shekara guda yana wahalar gadin ƙofar da kowa ya riga ya wuce ta. Ya cire kasken a hankali, ya dubi Hassan.

"Kai ma ka sani?"

"Alhaji," in ji Hassan da iyakar muryarsa, "ni da kowa haka nike magana!"

"Maƙaryaci," in ji Alhaji, yana goge ido da hannun riga.

Bai fasa halinsa ba dai. Sai da ya ja ciniki har Hassan ya sallama a jika biyar, sannan ya naɗe rufaffen ya sa a aljihu, ya bar mataccen a inda ya gan shi.

Da yamma a mota bai sa shi ba. Ya zauna a gidan gaba, Yaro ya kwarara masa sannu da aiki har wata tsohuwa a baya ta firgita. Alhaji ya amsa, ya ƙara da cewa Allah ya yi albarka, Yaro ya rasa albarkar ta mece ce.

Mairamu tana tankaɗe a tsakar gida lokacin da ya yi sallama. Ta miƙo hannu don karɓar sabulu kamar kullum. Ya ajiye mata ƙullin tattasai da gishiri. Ta kwance, ta duba, ta daɗe tana dubawa ba ta ɗago ba.

"Wace rana za mu tahi wajen likitan?" in ji shi.

Ta matso daidai kunnensa na dama, wanda ya fi ji, ta ce Litinin.