Hannun da Marquell Ya Amsa

Ranar Asabar ce a watan Oktoba, ranar da tsofaffin ɗalibai ke dawowa makaranta. Gari ya tashi da hadari amma ruwan ya ƙi sauka, sai zufa. Na rufe shagon facin taya da wuri na nufi gindin bishiyarmu.

Kowace ƙungiyar 'yan'uwantaka ta ɗalibai tana da wurinta a filin makaranta. Namu bishiya ce da benci biyu masu fenti kore da toka. Ni na bar karatu a shekara ta biyu, aji ba ya zaunar da ni, amma har gobe ɗan'uwa nake. Sai dai a wurin hedikwatar ƙungiyarmu, wanda ba ya aji ba a ƙirga shi.

Bara aka doki wani yaro a wani reshenmu can wata jiha wajen shigar da shi ƙungiya, har ya kwanta asibiti. Hedikwata ta dakatar da ɗaukar sababbi ko'ina, ba ta ce zuwa yaushe ba. Manyan rassa ko a jikinsu. Mu a nan Mississippi ɗalibai uku suka rage mana, biyu za su gama a watan Mayu, a bar Tavarius shugaban reshe shi kaɗai.

Baba Cleophus, tsohon da ya kafa reshen, ya ce ba da ransa ba. Ya tara yara biyu a garejinsa muka koya musu komai: taku, waƙa, riƙon hannu na gaisuwar sirri. Ba duka, ba zagi. Idan an ɗage dokar sai a rubuta su kamar yau suka zo. Kafin nan ba su san mu ba, ba mu san su ba. In kuwa aka kama mu, takardar izinin reshe za a ƙwace har abada.

Na tarar Baba yana juya tarwada a mai.

"Ga farfesan taya," ya ce. "Kendrell, wanke hannun nan kafin ka taɓa min kifi."

"Baba, wannan kifin ai ya fi tayata tauri."

Tavarius bai yi dariya ba. Ya ja ni gefe.

"Whitlow ya zo."

Whitlow shi ne mai sa ido na hedikwata a yankinmu. Ɗan'uwa ne, amma ba a sakin baki a gabansa. Ga shi can da farar riga, yana cin haƙarƙari a hankali. Ga kuma Marquell, ɗaya daga cikin yaranmu, tsaye a bakin ciyawa da faranti a hannu.

"Wa ya kira yaron nan?"

"Baba. Wai yaro ya ci abinci ba laifi ba ne."

Aka kira 'yan'uwa a yi da'ira. Muka sarƙe hannuwa, tsofaffi da mu, mutane suka ja da baya kamar kullum. Waƙarmu baiti uku ce. Biyun farko kowa a makarantar ya iya. Na ukun a bainar jama'a da baki rufe muke yin sa, amo kawai, kalmominsa sai a ɗaki.

Muka shiga na uku. Na ɗaga ido na hango Marquell ta saman kafaɗar Whitlow. Idonsa a rufe, leɓɓansa suna motsi, kalma bayan kalma. Na zare masa ido, bai gan ni ba. Na yi tari. Whitlow ya dube ni, ya bi inda nake kallo, ya waiwaya.

Ya jira har aka gama waƙar. Ya goge hannu da tsumma, ya taka zuwa bakin ciyawa.

"Samari, ya sunan?"

"Marquell, yallaɓai."

"Kana son waƙarmu, na gani."

"Daɗi gare ta, yallaɓai."

Baba ya taso da cokali a hannu. "Whitlow, ƙyale yaron nan, jikan maƙwabcina ne. Zo ka ƙara kifi, ka rame."

"Gaisawa kawai za mu yi, Baba."

Ya miƙa hannu, ya rufe shi da na hagu yadda muke yi don kada a gani. Abu ɗaya Baba ya fi nanata wa yaran nan a gareji: ɗan'uwa ya ba ka riƙo, ko a bakin kabari ne ka amsa. Marquell ya kalli Baba, ya kalli Tavarius. Ba wanda ya iya ko girgiza kai. Ya ajiye farantin a ƙasa ya ba da hannu.

Daga inda nake na ga wuyan hannunsa ya juya, ya amsa riƙon.

Whitlow ya daɗe bai sake shi ba.

"An koya maka da kyau," ya ce. Ya juyo. "Su nawa ne, Tavarius?"

"Ni na yi," Baba ya ce. "Ni kaɗai. Ɗalibai uku fa suka rage mana, Whitlow! Kana son in zauna ina kallo?"

"Na sani, Baba. Da kun jira, barci reshen zai yi, wata rana a tashe shi." Muryarsa ta yi ƙasa. "Mutum hamsin suka ga na gaisa da yaron nan. Me kake so in rubuta?"

Man kifin ya fara ƙauri.

Hukunci ya fito kafin Kirsimeti. Reshe ɗaya, mai shekara hamsin da biyu, an rufe. 'Yan'uwa biyar an soke sunayensu: Baba, Tavarius, ɗaliban nan biyu masu shirin gamawa, da ni. Tavarius ya rasa zangon karatu guda. Yaran gareji biyu an haramta musu shiga ƙungiyar har ƙarshen ransu.