Zanen da Na Ara wa Kubura

"Ja zanen ga ki ruhe gwiwa, Kubura, baƙi sun iso ƙohwar gida."

Ni na faɗi haka, ni Mas'uda, maƙwabciyarta ta shekara goma sha tara a nan Filinge. Kubura gurguwa ce tun tana goye, shan inna ya shanye mata ƙafafu. Da hannu da gwiwa take tafiya, takalman roba biyu a tafukanta, daga ɗaki zuwa bakin hanya inda take tuyar ƙosai. Gwiwar hagu ta yi gyambo ya ƙi warkewa, don kullum sai ta ja shi a ƙasa.

Dama mai unguwa ya sanar cewa masu rubuta nakasassu za su bi gida-gida. An kawo kekunan guragu, amma ba za su ishi kowa ba, sai wanda ya fi buƙata. Ni kuwa da na ji an ce baƙi, abin da za a je a faɗa shi ya dame ni. A ce gurguwa tana kwana kan tsumma, katangarta ɗaya da Mas'uda? Na share tsakar gidanta tas, na kinkimo katifata da labulena, na ɗaura mata atamfata ta zuwa suna. Na turara ɗakin saboda warin gyambon, na dama fura da nono.

Ma'aikaciyar, Samiratu, yarinya ce mai ladabi. Ta durƙusa ta gaishe mu, ta buɗe takardunta.

"Inna, ina jiki?"

"Da sauƙi, ɗiyata. Mun gode Allah."

"Akwai wani ciwo da ke damunki?"

Kubura ta dube ni. Na kau da kai.

"Babu, sai na tsuhwa."

"Wa ke kula da ke?"

"Ga ƴar'uwata nan. Ba ta bari in rasa komi."

Ni kuma, Allah ya yafe mini, har wani daɗi na ji. Samiratu ta dubi katifa, ta dubi labule, ta yi rubutunta, ta sha fura ta yi godiya. Kafin la'asar na kwashe kayana na mayar gida.

Da sunaye suka fito, Kubura tana cikin masu jiran rabo na biyu, sai bayan damina. Na zari mayafi na tafi ofishin da zafina, kamar wani ne ya cuce mu.

"Madam, katihwan nan da kika gani tawa ta. Zanen ma nawa na. Gwiwatta ruɓewa takai!"

Samiratu ta dafe kai. "Haba Inna, don mi ba ku gwada min ba? Abin da na gani shi na rubuta. Kekunan an riga an raba su."

Gaskiyarta ce. Na ja mayafina na koma gida.

Ruwa ya sauka, lungunmu ya zama taɓo, Kubura ba ta fasa fita tuya ba, tun da a nan take samun na tuwo. Ƙafar ta kumbura har cinya. Sa'ad da muka ɗora ta a amalanken jaki zuwa asibiti, likitoci suka ce ciwon ya shiga jini, sai dai a kai ta babban asibitin Yamai. Kubura ta ce a mayar da ita ɗakinta.

Ranar Laraba da hantsi ina goge mata zufa, abin ya ƙi zama a cikina.

"Kubura, ni na hana miki keken ga. Ki yahe mani."

Ta juyo ta dube ni.

"Bari, Mas'uda. Tun da nake, rannan kaɗai baƙo ya shigo ɗakina ban ji kunya ba."

Kafin azahar ta cika.

Da aka gama mata sutura, mata suka nemi zanen da za a lulluɓa makara. Na je na ɗauko atamfar nan. Da maza suka dawo daga maƙabarta aka miƙo mini ita a ninke, na rasa inda zan ajiye ta, sai na shiga da ita gidan Kubura.

Takalman suna bakin ƙofar ɗaki inda ta tuɓe su, taɓo ya bushe a gefensu. Kowanne ya lotsa daidai tafin hannunta, ruwan saman jiya ya kwanta a ciki.