Masan Gidan Zinariya

Da Zinariya ta gina gidan haya da gadon mijinta, ba ta sayi komai don kyau ba. Robine, wato kan famfo, na ƙarfe ta sa, ba na roba ba. Ƙofofi na maƙera. Kan masai kuwa na tangaran mai kauri ta ɗauko daga Damagaram, ta tsaya a kan magini har ya binne shi cikin siminti, yadda ba ɗan hayar da zai iya girgiza shi.

Ƙanen mijinta, Ibram, ya so a sayar da filin tun farko. Ya ce in gidan ya zauna ba kowa, za a koma kan maganar.

Aisami, malamin asibitin da aka turo Gure, shi ya fara zuwa dubawa, tare da mahaifinsa. Ya murɗa robine, ya ja ƙofa, ya kunna fanka. Ya ce gidan ya yi masa. Tsohon ne ya leƙa makewayi, ya daɗe bai fito ba. Da ya fito sai ya tambayi inda suke fuskanta in za su yi salla. Zinariya ta nuna.

"To ɗiyata, wanda ya tsuguna a nan, alƙibla zai ba gaba."

Ta shiga ta duba. Haka ne. Magini ya bi hanyar bututu, ita kuma kaurin siminti take kallo.

Aisami ya ce akwai gidan hayar Garbai a bayan tasha, za su je su gani. Zinariya ta san tsohon zai faɗa a masallaci, ba da mugunta ba. Kafin la'asar Ibram zai ji, masu neman haya ma za su ji.

Ta roƙe su su dakata. Ta kira magini a waya. Ya ce ba a cire kan masan lafiya, sai dai a fasa, kuma yana garin Kelle sai jibi.

Ta shiga gidan maƙwabta ta aro guduma. Bugun farko ko tsagewa bai yi ba.

"Kin zaɓi mai ƙarfi," in ji tsohon.

"Shi na nema, Baba."

Ta ci gaba da bugu har ya rabe biyu. Tsohon ya ce wa ɗansa ya karɓi gudumar, kada ta ji ciwo a gidansu.