Tumatirin Ƙarfe Tara

"Leƙa mana, ba zai cije ki ba," in ji Baba Mai Kwando, yana ɗaga murfin garwar shara da kan sandarsa.

A bayan wani gidan abinci mai ƙofar gilashi muke tsaye, ni da fararen takalmana na aiki, ni da na zo ta ɗaya a ajinmu na jami'a. Na toshe hanci na leƙa.

"Me kika gani?"

"Shara."

"Wannan ko akuya ta sani. Wace irin shara?"

"Gwangwanaye. Ledoji. Kwalaye."

"Ɓawon albasa fa? Ɓawon dankali? Kan kifi?"

"Babu."

Ya saki murfin ya faɗi da ƙara. "To ba girki suke yi ba, ɗumame suke yi. Wuce mu tafi."

Ban faɗa masa cewa a nan na ci abinci shekaranjiya ba, don wayata ta ba wurin taurari biyar, kuma na wuni ina zarya zuwa banɗaki.

Watana huɗu ke nan a birnin, ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti. Ranar da zan baro gida, yayana ya ce a gaban kowa ba zan yi wata uku ba zan dawo ina kuka. Na yi ukun na ƙara ɗaya, ban kuma yi kuka ba, amma siket ɗina sai da allura yake tsayawa a ƙuguna. Ba rashi ba ne. Abinci ne ban san inda yake ɓuya a garin nan ba. Manyan kantunan suna da sanyi da kiɗa, tumatirinsu jere a cikin leda kowane daidai da ɗan'uwansa, in ka yanka ka ci kamar ka tauna ruwa. Abokan aikina kuwa, duk inda suka ce in je, sai in tarar wurin ɗaukar hoto ne da aka ajiye wa tukunya a gefe.

Ƙofar Baba tana kallon tawa a hawa na biyu. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana yi wa kicin ɗin wani babban otal cefane, ya yi ritaya da kwandon kabarsa, shi ya sa duk gidan ake kiransa haka. A matakala muka fara haɗuwa. Ya dubi ledar da na riƙo, ya dube ni.

"'Yar boko, wa ya tsane ki haka a garin nan?"

"Ban tambaye ka ba," na ce, na wuce.

Kwana tara na yi ina cin burodi da shayi kafin na ƙwanƙwasa masa ƙofa. Bai yi min gori ba, sandarsa kawai ya ɗauka. A Asabar uku ya nuna min garin da wayata ba ta sani ba: ƙaramin kantin da shinkafarsa ba ta da tsakuwa, mahaucin da ba ya fesa wa nama ruwa don ya yi nauyi, da wata rumfa a bayan gareji inda kanikawa ke cin abinci, wadda shararta cike take da ɓawo har yana zuba. Wuri ɗaya ne bai kai ni ba, kasuwar manoma da ke ci a filin bayan tashar mota. Talata da Alhamis take ci da safe, ni kuma ina wurin aiki. Shi kaɗai yake zuwa, ya dawo ya rataya min rabona a hannun ƙofa.

A wata na bakwai ƙafafunsa suka kumbura, matakala ta gagare shi. Aka kai shi asibiti aka dawo da shi da takardu. Ya miƙo min su ya ce in karanta masa, tunda karatun ne ya hana ni sanin albasa. Na karanta. Lambobin nan su ne aikina, na san abin da suke faɗa. Ya kalli fuskata ya ce, "To, ya isa. Ajiye."

Babban ɗansa, wanda 'yan gidan ke kira Manaja, ya ɗauki nauyin ciyar da shi irin yadda masu kuɗin birni suke yi, wato ta waya. Kullum sau biyu ɗan aike yake kawo kwali daga wani gidan abinci mai tsada. Baba ya buɗe, ya shinshina, ya rufe. Matar tela da ke ƙasa ita ta ƙaru da kwalayen, don 'ya'yanta har kumatu suka yi. Kullum sai ta hau tana "sannu Baba, Allah ya sawwaƙe," idonta na kan kwalin.

Ranar Litinin da yamma na dawo daga aiki na tarar da Manaja a tsakiyar ɗakin, makullin mota a hannu, ƙamshin turarensa ya cika ko'ina. Baba yana kan kujerarsa ta bakin taga, wadda yake kwana a kanta tunda kwanciya ta fara hana shi numfashi.

"Kwana biyar, Baba! Kwana biyar ba ka sa komai a bakinka ba sai ruwa. Me kake so mutane su ce? Su ce na bar ubana da yunwa?"

"Ka kawo abinci, sai in ci."

"Wurin nan ya fi ko'ina tsada a garin nan!"

"Na sani. Na san shararsu."

Manaja ya juyo gare ni. "Ke ce maƙwabciyar? Ke da kike aikin asibiti, ki faɗa masa." Bai jira na ce komai ba. "Na gama magana da likita. Ranar Juma'a zan zo da mota. In bai fara cin abinci ba, za a kwantar da shi, a sa masa robar abinci ta hanci. Shi ke nan."

Da ya fita, Baba ya daɗe yana kallon titi.

"Na ga yadda aka yi wa uwarsu," ya ce. "An ɗaure mata hannu a jikin gado don kada ta cire robar. Wata biyu. Ni dai a kujerar nan nake so a same ni, 'yar boko."

"To ka ci ko cokali ɗaya mana."

"Na gwada. Dawowa yake yi. Maƙogwarona ya tsufa, ba ya karɓar ƙarya." Ya juyo ya dube ni. "Da zan samu tumatir na gaske, ina jin zai wuce."

Na ɗauki kwandonsa daga bayan ƙofa.

"Tsaya in faɗa miki yadda..."

"Baba, kasuwa ce fa, ba ɗakin tiyata ba. Na san hanya."

Ranar Talata ƙarfe shida saura ina filin. Tun ina firamare ban taɓa makara ba, kuma kowa ya san mai sammako shi ke samun na kirki. Na tarar da rumfuna a jere a ƙarƙashin bishiyoyi, kaya ja wur, kwanduna duk laka a jikinsu. Wani mai faffaɗar hula ya ce min yanzu-yanzu ya tsinko daga gonarsa. Na zaɓi goma sha biyu, babu tabo ko ɗaya, na kai wa Baba kafin in wuce aiki, ina jin kaina.

Ya ɗauki ɗaya ya kai hanci wajen gindin. Ya mayar cikin kwandon a hankali.

"Ƙarfe nawa kika je?"

"Shida saura."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da na riƙe masa kofi.

"Wanda gonarsa ke bayan gari, ta yaya zai riga wanda ɗakinsa ke bayan tasha? 'Yan sari kika samu. Daga babbar mota suke saye, kayan da ya yi mako a hanya, su shafa wa kwando laka saboda irinku. Manomi sai gari ya waye zai tsinka, ya jira motar farko. Ba ya isowa sai tara."

"Ai sai ka faɗa min."

"Ai kin san hanya."

Na haɗiye wannan. Ya yi ɗaci, amma na haɗiye.

"Ki wuce inuwa," ya ce, "an riga an kama ta. Ki je can baya cikin rana. Kada ki kalli kaya, ki kalli hannun mai kayan."

Alhamis ce kasuwa ta ƙarshe kafin Juma'a, kuma ƙarfe takwas ake sa hannu a wurin aikinmu. Ranar Laraba na nemi izinin awa biyu. Shugabar ɗakin gwajin, wadda ke yin rabin wuninta tana zaɓen labule a waya, ta dube ni ta saman tabarau.

"Mahaifinki ne?"

"Maƙwabcina ne."

"Tumatir za ki saya wa maƙwabci a lokacin aiki? Ke ko wata takwas ba ki cika ba. In ban gan ki ƙarfe takwas ba, takardar gargaɗi za ki tarar."

"To ki rubuta sunana daidai," na ce.

Ƙarfe tara na Alhamis na ratsa rumfunan inuwa. Mai faffaɗar hula ya kira ni, "Hajiyata, an dawo?" Ban ko juya ba. Can baya, inda ƙasa ta fara zafi, mutane ne zaune a kan buhuna, kowa da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Na bi hannuwa ina dubawa kamar yadda nake duba jini a madubin gwaji. Na tsaya gaban wata dattijuwa mai faso a yatsu, farcenta kore da ruwan ganye. Gabanta tumatir ne da bai fi tuli biyu ba, wani babba wani ƙarami, wasu sun tsage ta sama, sai ƙwai shida a cikin kwano.

Ba ni ta kalla ba, kwandon ta kalla.

"Ina mai shi? Mako uku ban gan shi ba."

"Yana kwance, Inna. Ba ya cin abinci."

"Wannan fitinannen? Shekara ashirin yana raina min kaya yana saye." Ta ture hannuna daga wanda na ɗauka. "Ajiye wannan, kyau kawai gare shi." Ta zaɓo guda biyar da kanta, munana, ta ɗora ƙwai biyu a kai. "Ki ce masa ya daina shagwaɓa. Ki ce kabewa ta kusa."

Na ɗauki ɗaya na shinshina gindin. Ƙamshin ganye ne, mai kaifi, har cikin kai. Wata bakwai ina garin nan, sai ranar na ji ƙamshin wani abu da ya fito daga ƙasa.

Takardar gargaɗin tana kan teburina da na isa. Ta rubuta sunan daidai.

Da yamma Baba ya riƙe tumatir ɗaya a tafinsa ya daɗe, idonsa a rufe. Na ce bari in ɗora tukunya.

"A'a. Sai gobe, a gaban ɗana."

"In kuma goben ya ƙi wucewa fa? Mu gwada yau mu gani."

"Ƙarfin ci ɗaya ya rage min, 'yar boko. Ba zan ɓatar da shi babu shaida ba."

Ranar Juma'a ƙarfe biyar Manaja ya iso da wata ma'aikaciyar jinya da keken marasa lafiya a naɗe. Matar tela ta biyo su ta tsaya a bakin ƙofa, wai ta zo taimako. Ina kicin, Baba yana ba ni umarni daga kujera, muryarsa da ƙyar take fita.

"Tsoma su a ruwan zafi ki ɓare fatar. Mai kaɗan, ba wanka za su yi ba. Rage wutar, ke! Gishiri da yatsa uku. Fasa ƙwan a kai, kada ki juya."

Na kawo a ƙaramin faranti. Manaja ya leƙa ya taɓe baki.

"Wannan ne abincin? Saboda wannan aka mayar da nawa?"

Baba ya ƙi a ba shi a baki. Ya karɓi cokalin da kansa, kafin ya kai baki rabi ya zube a rigarsa. Cokali na farko ya daɗe a bakinsa. Na ga maƙogwaronsa ya motsa, ya tsaya, idonsa ya kawo ruwa. Sai ya wuce.

Na ƙirga su. Cokali bakwai ya ci. Ya ajiye cokalin ya dubi ɗansa.

"Gishirin ya ɗan yi yawa," ya ce.

Ma'aikaciyar jinyar ta ce wa Manaja a hankali, tunda yana karɓa ta baki, ba a tilasta roba. Manaja ya tsaya yana juya makullinsa. Ya dubi rigar ubansa da ta ɓaci, ya ciro hankici ya durƙusa ya goge masa, bai iya ba, ƙara shafa jan ya yi. Ya miƙe ya ce zai dawo Litinin ya gani. Suka sauka da kekensu a naɗe kamar yadda suka hau da shi.

Ranar Asabar ya ci cokali uku. Ya sa na ajiye masa tumatir na ƙarshe ɗanye a gefen kujera, da wuƙa da ɗan gishiri.

Da hantsin Lahadi na tura ƙofarsa da sallama, ba a amsa ba. Yana kan kujerarsa, kansa ya ɗan karkata wajen taga, a ƙasa motoci suna ta wucewa. Na taɓa wuyansa, na jira, na sake taɓawa. Na rufe masa ido. Wuƙar tana kan cinyarsa, rabin tumatirin a faranti, ɗaya rabin babu. Ruwan ya gangaro masa har wuyan hannu ya bushe, ƙwayar iri guda ta maƙale a farin gemunsa. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, wayar a hannuna, ban kira kowa ba tukuna. Rana ta shigo ta taga ta hau kan yatsun ƙafarsa.