Sunan da Inna Ba Ta Kira

A gidanmu na Roni, sunana ne ya fi kowane suna shan wahala. Tun daga asuba Inna za ta fara: Zaituna kawo buta, Zaituna kore awakin nan, Zaituna ina kika shige. Ni ce auta, ba a jin kunyata. Amma babban yayanmu, Jalaluddeen, shekararsa talatin da ɗaya a duniya bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ɗan fari ne, Inna kuwa Bafulatana ce ta gaske, irin waɗanda kunyar ɗan fari ta zauna musu a jini. Ana yaye shi aka kai shi wurin kakarmu a Kanya Babba, can ya girma. In ya zo gida "wancan" ne, ko "yayanki", in kuma ranta ya yi fari sosai, "mutumin Kanya". Ko gaisuwarsu ta wurina take bi. Zai durƙusa ya ce ina kwana, ita kuma ta kalli bango ta tambaye ni ko sun tashi lafiya.

Babu wanda ya ga aibun haka sai da Yaya ya je jami'a ya karanto ilimin halayyar ɗan'adam har digiri biyu. Ya dawo mana da gemu ɗan tsurut da bayani buhu-buhu. Wai mutum ba ya sanin kansa sai ta sunan da wasu suka kira shi da shi. Wai kuma abin da baki ya danne ba ya mutuwa, yana can ƙarƙashin zuciya yana neman ƙofar fita, shi mai zuciyar ma bai sani ba. Kawu, ƙanin Inna, ya saurare shi tsaf, sannan ya ce ashe sai yanzu masana suka gano cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Duk da haka ya yarda Yaya ya gwada aikinsa a kansa. Aka kwantar da shi a doguwar kujera, Yaya ya zauna ta bayan kansa da littafi, ya ce ya faɗi duk abin da ya zo masa a rai. Kawu ya yi maganar tsadar taki na minti biyu, daga nan sai minshari.

Ni dai na lura da abu guda. Duk misalin da Yaya zai kawo, komai nisan inda ya ɗauko shi, sai ya ƙare a kan wata uwa da ba ta kiran sunan ɗanta. Rannan na ce masa, da alama likitan ne ba shi da lafiya. Ya harare ni, ya ce bincike yake yi, ni me na sani.

Sai ga takarda ta zo, ya samu ƙaro karatu a ƙasar waje, shekara uku, tafiya saura kwana goma. Da yamma muna ɓare gyaɗa a tsakar gida, Inna ta shiga maƙwabta, sai Yaya ya ce, "Zaituna, sau ɗaya kawai nake so in ji. In na ji, in tafi." Babu ilimi ko kaɗan a muryarsa. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, har na rasa tsokanar da zan yi masa, abin da bai cika faruwa da ni ba.

Muka fara da dabara mai sauƙi. Na roƙi Dela, maƙwabciyarmu, ta yi kamar ba ta sani ba, ta tambayi Inna wane ne cikin 'ya'yanta zai tafi. Yaya ya laɓe a bayan rumbu. Inna ko ɗagowa ba ta yi daga tankaɗen da take yi ba, ta ce wanda ba Muhsin ba, ba kuma Zaituna ba. Mu uku ne dama, lissafi ya fita.

Dabara ta biyu Yaya ne ya ƙulla ta. Wasu likitocin ido sun zo Gwiwa suna duba mutane kyauta suna raba tabarau, Inna kuwa ta daɗe tana ƙorafin ba ta ganin kafar allura. Mai rubuta sunaye a wurin abokin Yaya ne tun firamare, Musaddiƙ. Suka shirya abin da za a ce. Ranar muka hau babur mu uku, Yaya a gaba, ni a tsakiya kamar kullum, Inna a baya, muka bi ta cikin gonaki, gero ya fara fitar da kai.

Layin mata ya yi tsawo a ƙarƙashin rumfa. Da aka zo kan Inna, Musaddiƙ ya rubuta sunanta da unguwarta a kati, ya gyara murya, ya tambayi sunan babban ɗanta. Inna ta waiwayo ta dube ni. Na buɗe baki kamar gaske, Musaddiƙ ya ɗaga biro ya ce a'a, doka ce, sai mai katin ta faɗa da bakinta. Wata tsohuwa a bayanmu ta ce haba yaro, kai ba uwa ce ta haife ka ba? Ya yi kamar bai ji ba. Yaya yana tsaye jikin ginshiƙin rumfa, ya harɗe hannuwa, wai shi kallon hanya yake yi.

Na san Inna. Na zaci za ta tattara mayafinta ta ce a bar tabarau ɗin, ta ga abin da ta gani a duniya ya ishe ta. Ta ma fara yunƙurin tashi. Sai Musaddiƙ ya ƙara abin da ba ya cikin shiri. Ya ce ba komai, tunda ba za ta faɗa ba, bari ya rubuta Muhsin a matsayin babba, ai duk ɗaya ne.

Inna ta koma ta zauna.

"Ba ɗaya ba ne," ta ce. "Ba shi ne babba ba."

"To wane ne, Inna?"

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, na ga gumi yana bin gefen kunnenta. Mata sun fi talatin suna kallonta, wasunsu sa'o'inta ne, sun san abin da ake nema ta yi. Ta runtse ido, ta ja numfashi, leɓenta ya fara motsi. Wallahi za ta faɗa. Ni da na taya ƙulla abin sai na ji kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona.

"Jalaluddeen," in ji Yaya da ƙarfi, ya riga ya iso bakin tebur. "Rubuta, malam, kana ɓata wa mutane lokaci."

Musaddiƙ ya kalle shi baki buɗe, ya rubuta. Tsohuwar nan ta ce Allah ya yi maka albarka, ɗan nan, kai ka san darajar uwa. Yaya ya fita waje wai zai duba man babur.

Na bi shi na tambaye shi me ya sa, saura ƙiris fa. Ya ce shi ma bai sani ba. Na ce ashe da abin da ba ka sani ba, duk da digiri biyu. Ya ce in rufe masa baki.

Aka gwada wa Inna tabarau kala uku, na ukun ya zauna. Likita ya ce ta dubi abu mai nisa ta faɗa ko yana fita. Ta dubi bishiyar darbejiya, ta dubi wata akuya, sannan ta juya wajen da Yaya yake durƙushe jikin babur, ta tsaya a nan. Ta daɗe. Likita ya tambaya ko da matsala, ta ce a'a, gwadawa take yi, a ɗan ƙara mata lokaci. Ban taɓa ganin ta dube shi ido buɗe haka ba, shi kuwa bai ma san ana yi ba.

Muka kama hanyar komawa, babur yana ta ƙara. Mun wuce rabin hanya Inna ta taɓa kafaɗata, ta ɗaga murya fiye da yadda nisan kunnena yake buƙata.

"Zaituna, ashe mutumin Kanya ya rame haka, ba ki gaya mini ba. Ki ce masa in ya je can ya riƙa cin abinci. Ki ce masa shekara uku aka ce, kada ya ƙara ko kwana ɗaya, ni ba yarinya ba ce."

Na matsa kusa da kunnensa zan isar da saƙo. Ya rage gudu, ya sa bayan hannu ya goge fuskarsa.

"Bar shi, Zaituna," ya ce. "Na ji."