Akwatin da Yatsa Ɗaya Ke Buɗewa

Ranar wata Laraba da rana tsaka aka fasa gidan su Stiles, maƙwabtan Darlene Tackett. Matar gidan tana shanya a baya ta ji an farfasa tagar kicin, ta ruga ta ɓuya a akurkin kaji ta kira 'yan sanda. Kafin motarsu ta iso daga cikin gari, ɓarayin sun kwashi abin da za su kwasa sun yi gaba. Ba laifin kowa ba ne. Hanyar ce da nisa, kuma duk mai zaune a wannan yanki na gabashin Oklahoma ya san da haka.

Darlene ta haura sittin, ba ta taɓa harba bindiga ba. Ba ƙinta take yi ba, buƙatar ce ba ta taso ba. Wannan fannin mijinta ne, Hoyt, wanda ya yi shekara da shekaru yana cika musu firiza da naman barewa. Bara ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Yanzu a keken guragu yake wuni, maganarsa da ƙyar take fita, bindigoginsa na farauta kuwa ɗansu Travis ya kwashe ya tafi da su Tulsa, wai zai riƙa goge masa su.

Ranar Asabar da safe ta ajiye wa Hoyt kofi da soyayyen ƙwai, ta ce, "Zan shiga gari. Bindiga zan saya."

Ya ɗago ya dube ta. "Ke?"

"Akwai wata a gidan nan bayan ni?"

"Ke da murfin kwalba ma gagarar ki yake yi."

"Ci ƙwanka kada ya huce."

Shagon bindigogin yana tsakanin mai sayar da abincin dabbobi da wurin wankin mota. Mai shi wata doguwar mace ce, Mavis Orr, wadda Darlene ta sani sama-sama a coci.

"Misis Tackett! Ɓatan kai kika yi yau?"

"Ina ma. Kin ji abin da ya sami su Stiles?"

"Tun Laraba mutanen hanyarku ke shigowa. Mu ga hannunki."

Darlene ta miƙa hannuwan. Gaɓoɓin yatsun duk sun kumbura, sanyin ƙashi ya ɗan karkatar da su. Ta nuna wata 'yar mitsitsiyar bindiga a cikin gilashi, ta ce ita take so, tana ganin za ta fi mata sauƙi.

"Kowa haka yake cewa," in ji Mavis. "Ƙaramar ta fi shurin hannu. Amma gwada."

Ta fito da ita, ta buɗe ta nuna mata babu harsashi, sannan ta ce ta duba da kanta. "Ko ni na rantse miki babu komai a ciki, ki duba da idonki." Ta nuna mata yadda ake jan saman bindigar baya kafin ta ɗana. Darlene ta ja, ta cije leɓe ta sake ja, abu ko gezau. Aka gwada wata, ita ma haka. Kunya ta kama ta, har ta soma laluben jakarta.

Mavis ba ta kula ba. Ta ɗauko wata libarba mai ɗan nauyi, mariƙinta na roba, ta ɗora mata a tafi. Wannan babu abin ja. A buɗe ta gefe, a zuba harsashi, a rufe. Kunamar tana da tauri, amma da Darlene ta riƙe da hannu biyu ta nuna bango ta danna, sai ta ji ƙas. Ta sake, ta sake.

"Wannan ce," in ji Darlene.

Bangon da ke bayan Mavis cike yake da tarkace: kube iri-iri, da wasu na'urori masu fitar da jan haske, da abubuwan da Darlene ba ta san sunansu ba.

"Duk waɗannan sai na saya?"

"Rabinsu kayan kwalliyar maza ne. Ke ba yawo za ki yi da ita ba, kube bai dame ki ba." Ta ajiye mata abin toshe kunne da tabarau na zuwa koyon harbi, da harsashin gwaji da na ajiya, sai wata tocila mai ƙarfi. "Wannan ta fi duk sauran. Kada ki taɓa nuna bindiga ga abin da ba ki gani ba. Yawancin motsin da mutum ke ji a gidansa nasa ne, ko kare, ko jika, ko miji ya tashi neman ruwa."

Daga ƙarshe ta ɗora wani akwatin ƙarfe a kan teburin, girmansa bai wuce na akwatin takalmi ba. Ana ɗaure shi da noti a jikin gado, kuma ba ya buɗewa sai ya gane yatsan mai shi.

"Yana karɓar yatsan mutum fiye da ɗaya. Wa da wa ke gidan?"

"Ni da Hoyt. Jikoki sai Kirsimeti."

"Ya jikin nasa?"

"Da sauƙi."

Mavis ta rage murya. "Kowa nake yi wa wannan tambayar, kada ki ji haushi. Akwai wanda ransa yake a ɓace a gidan, irin ɓacin da ba ya wucewa?"

Darlene ta buɗe baki za ta ce babu, sai ta tuna. A watan Janairu tana yi masa wanka, yana zaune a kujerar roba ruwa na zuba a kafaɗarsa, ya ce, "Da kin bar ni a ƙasan barandar nan ranar da na faɗi, da kin huta, na huta." Ta ce masa ya daina shirme, ta ci gaba da cuɗa. Ba ta faɗa wa kowa ba. A nan tsaye ta fahimci cewa Travis ma ba don gogewa ya kwashe bindigogin ubansa ba.

"Kina iya fasawa," in ji Mavis. "Kare mai haushi da kwaɗo mai kyau su ma tsaro ne. Ba zan ji komai ba."

Darlene ta daɗe tana kallon akwatin. Ta tuna matar Stiles a durƙushe cikin kaji, ta tuna kuma cewa ita ba ta da damar gudu ko'ina, don ba za ta iya ɗaukar Hoyt ba.

"Zan saya. Yatsa ɗaya za a sa."

"To. Akwai makullin ko-ta-kwana a ciki. Kada ya kwana a gidanki."

Aka duba sunanta a kwamfuta, aka gama abin da doka ta ce. A hanyar komawa ta sayi sababbin kwaɗuna, ta tsaya ta bar makullin a hannun matar Stiles.

Hoyt yana baranda lokacin da a-kori-kurarta ta tsaya. Ta buɗe libarbar ta nuna masa babu komai, ya karɓa da hannun hagu ya jujjuya ta, ya leƙa bakin.

"Mavis ba ta cuce ki ba," in ji shi.

Da ta gama ɗaure akwatin a gefenta na gadon, ta ɗora babban yatsa ya buɗe, sai ya gungura kekensa kusa ya miƙo nasa. "Sa nawa."

"A'a."

"Me kika ce?"

"Na ce a'a, Hoyt."

"Ni na koya wa Travis harbi tun bai kai tsayin teburin can ba. Yau ni za a kulle wa bindiga a cikin gidana?"

"Ka tuna abin da ka ce mini a banɗaki lokacin sanyi?"

Ya kau da kai. "Magana ce kawai."

"Ni ban ɗauke ta magana kawai ba. Ko akwatin ya zauna da yatsana ni kaɗai, ko Litinin in mayar wa Mavis kayanta. Ka zaɓa."

Bai zaɓa ba. Ya juya keken, ya bugi ƙofa da shi, ya koma baranda.

Ranar Litinin ta kira likitarsa ta faɗa mata maganar banɗakin kalma da kalma, sannan ta fita ta gaya masa ta kira. Idonsa ya yi ja. Amma ranar da likitar ta ba su ya bari ta saka shi a mota. Likitar ta sauya masa magani, ta haɗa shi da wasu maza masu irin ciwonsa da ke taruwa duk Alhamis. Ya je, ya dawo fuska a murtuke. A gida yana cin abinci, yana shan magani, amma in tana ɗaki sai ya ƙura wa talabijin ido.

Darlene ta fara zuwa filin koyon harbi ita kaɗai. Harbin farko ya razana ta har ta kusa sakin bindigar, ta dawo hannu na zugi. Takardar da aka kafa mata ta harba, ta ajiye ta a teburin kicin ta shiga wanka. Da ta fito ta tarar da shi ya baje ta yana kallo. Hudojin ba su da yawa, kuma duk sun taru a ƙasa ta hagu.

"Rufe ido kike yi," in ji shi.

"Ba na rufewa."

"Kina rufewa. Kuma fizgar kunamar kike yi kamar mai cire sauro a ido. A hankali ake matsa ta."

Asabar ta gaba ya riga ta shiryawa, har da hularsa. A filin aka ajiye kekensa bayan layi, aka sa masa abin toshe kunne, ya yi ta ɗaga murya yana gyara mata tsayuwa har malamin ya ja gefe ya bar musu. Bai nemi ya taɓa bindigar ba, ita ma ba ta miƙa masa ba.

Waɗanda suka fasa gidan su Stiles an kama su daga baya a wata gunduma. Akwatin kuwa ba ya buɗewa sai ranar Asabar.

Wata rana suna dawowa daga filin, takardarta a cinyarsa, hudojin sun fara matsowa tsakiya, ya ce, "Har yanzu fa ban huce ba."

"Na sani. Kifi za ka ci ko kaza?"

Sai da suka wuce gidan mai sannan ya amsa.

"Kifi."

Ta kunna sigina ta karya kwana.