Wayar da Aka Yanke a Wurin Alwala

Dramani ne ya sa ƙanwarsa Safiatu ta sayi injin, kuma duk Zongo an san haka, don shi da bakinsa ya bi majalisa-majalisa yana faɗa. Mai haɗa wayoyin injuna ne a Suame Magazine, unguwar makanikai, irin mutanen da in suka yarda da abu ba sa barin kowa ya huta. Bayan rasuwar mijinta ya hana ta sakat har ta sayar da teburinta na atamfa, ta sayi tsohon injin surfani mai kwamfuta, ta kama shago a lungun ƙaramin masallacin unguwa. Da shagon nan za ta ciyar da 'ya'yanta, ba ta da komai bayansa.

Katanga ɗaya ce tsakanin shagon da rumfar Issifu mai walda, kuma Dramani ya san abin da hakan ke nufi. Ya bayyana mata cewa duk sanda Issifu ya ɗosa wuta a ƙarfe, wata hayaniyar lantarki ke bazuwa wadda kunne ba ya ji. Siraran wayoyin da ke kai umarni daga kwamfuta zuwa allura su suna ji, sai su ɗauka umarni aka ba su. Don haka ya sa kebur mai ragar jan ƙarfe a jikinsa, ya raba shi da wayoyin wuta, ya ɗaure ragar a jikin akwatin injin. Daga nan ya ja koriyar waya ta bayan shago don hayaniyar ta samu hanyar gangarawa ƙasa. Safiatu ta yi ta gyaɗa kai, amma hankalinta yana kan zare.

Samun ƙasar shi ne wahala, domin lungun kaf siminti ne. Wuri ɗaya ya rage tsirara, gefen masallaci inda ake alwala, kullum a jiƙe. Dramani ya kafa sandar jan ƙarfe a nan yana murna, yana cewa muddin ana salla a Zongo injin nan ba zai yi gardama ba.

Bai kuwa yi ba. Fure ya riƙa fita tsaf, mata suka fara leƙowa, har labari ya kai wa Magajiya Barakatu, shugabar ƙungiyar matan unguwa. Magajiya mace ce da in ta yaba maka ka ci abinci, in ta juya maka baya ka nemi wata sana'ar. Ta kawo wa Safiatu ɗinkin kayan yayin bikin ƙungiya gaba ɗaya, shadda iri ɗaya da kowace mace za ta sa, wadda aka sayo daga Lome kuma babu saura a kasuwa.

A lokacin Dramani yana garin Obuasi wajen wani aiki. A lokacin ne kuma wani ɗan unguwa da ke zaune a Jamus ya aiko a gyara wurin alwala, sadaka ga mahaifinsa da ya rasu. Kowa ya sa albarka. Safiatu da kanta ta kai wa birkiloli koko da ƙosai. Ɗaya daga cikinsu ya ga wata waya tana tokare masa aiki, ya datse ta, aka zuba kankare, aka shimfiɗa tayil fari tas.

Sai injin ya haukace. Allura tana cikin fure sai ta yi tsalle ta caka wuyan riga, ta ja zare ta keta shadda. Abin da ya cuci Safiatu shi ne da sassafe, kafin Issifu ya buɗe rumfa, injin lafiya lau yake ɗinki, sai ta ce ya warke ta ɗora wata rigar. Maƙwabta suka ce baki ne ya kama shagon, don haka ta yi turare, ta yayyafa rubutu a ƙofa. Ta kira Dramani a waya, ya ce ta dakata har ya dawo. Amma biki ba ya jiran mai wuta, kuma Magajiya kullum sai ta aiko.

Ranar da ya dawo ya tarar da shagon fayau. Magajiya ta zo da mata sun kwashe kayansu, mai ɓaci da mai rai, kuma ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi zagi ciwo. Sauran masu kawo ɗinki su ma sun bi sahu. Dramani ya bi koriyar wayar da hannu ta bayan shago har inda ta ƙare, guntuwa, tana lilo a saman tayil. Ya tsaya yana kallon wurin alwalar, ga shi ya yi kyau ƙwarai, babu wanda zai kama da laifi.

Ya sami liman, Malam Rashid, ya roƙi a bar shi ya ɗaga tayil guda. Liman ya saurare shi da tausayi, ya ce sadakar mamaci ce, ba shi da ikon fasa ta sai ɗan ya yarda, ɗan kuwa ba ya ɗaukar waya.

Dramani ya koma shago da guduma. Ya fasa daɓen ɗakin, ya yi ta haƙa har hannunsa ya yi kanta, ya kafa sabuwar sanda, ya cika ramin da gawayi da gishiri, ya kwarara ruwa. Ya ɗaura wayar, ya leƙa ta katanga.

"Issifu, kafra, don Allah kunna waldarka. Kar ka tsaya sai na ce."

Walda ta kama tartsatsi. Dramani ya ɗora wani ƙyalle da aka yar a ƙasa, ya danna. Allura ta tafi sumul, ganye bayan ganye, ko gezau ba ta yi ba, har furen ya cika. Bai taɓa ganin aikinsa ya yi kyau haka ba, kuma bai taɓa jin baƙin ciki irin na wannan lokacin ba. Ya miƙa wa ƙanwarsa ƙyallen.

Safiatu tana zaune a bakin ƙofa, tana kallon lungu. Wasu mata biyu 'yan ƙungiya suka wuce da leda cike da yadi, suka gaishe ta a gurguje ba tare da sun rage tafiya ba. Ta karɓi ƙyallen, ta shafa furen da yatsa.

"Ya yi kyau, Yaya," ta ce. "Ƙawata Rafia ta ce in zo kasuwar Kejetia in riƙa yi mata jiran kaya, ta ba ni na abinci. Na ce yoo, na yarda."

Ya buɗe baki zai ce mata injin ya gyaru, har abada ba zai sake ba. Ta riga shi.

"Kashe shi, don Allah. Wuta yake ci."